Wa Zai Wanke Hidaya?

Wata biyu kafin bikin Hidaya gidanmu ya haukace, kuma ni Madina ina sahun gaba a haukar. Ni ce tela. Ɗakina da shagona duk a bakin ƙofar gidan suke, nan unguwar Nima kusa da babbar gota mai kwashe ruwan sama, saboda haka yayin biki, atamfar nan da mata ke sakawa iri ɗaya, a kan kekena ya sauka. Mata tamanin da ɗoriya, kowace so take ta fi ta kusa da ita. Wadda ƙugunta ya cika ƙofa za ta rantse miki da Allah bai wuce talatin da shida ba, in kin ɗora mata tef ta riƙe numfashi har idonta ya kaɗa. Mu yi ta dariya har mu kife a kan yadi.

Mai gidan, Braimah, direban tirela ne, shi zai aurar da 'yarsa ta fari, Hidaya, ga ɗan manyan mutane daga unguwar Kanda. Tun da aka sa rana ya canza tafiya. Matarsa Anti Zuwera kuwa waya biyu take riƙewa, ɗaya a kowane kunne, tana yi wa mai rumfa faɗa tana yi wa mai abinci godiya, wani lokaci ta juya su ba ta sani ba.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya a gidan, Mma Lariba, mahaifiyar Braimah. Baƙo zai ce haka Allah ya yi ta. Mu kuwa mun san ita ce aluwankar unguwa, mai sa wa amarya lalle ta yi mata wankan aure, shekara arba'in ba a yin biki sai da ita. Ni kaina ita ta wanke ni, tana cuɗa mini baya tana raɗa mini maganganun da har gobe ba zan iya rubutawa ba. In ta rangaɗa guɗa a Nima, har mutanen Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, sun san an yi amarya. To tun bayan babbar Sallah matar nan ta zauna a kan benci ta yi tsit. A kawo mata koko ya huce a gabanta. A yi mata magana ta bi mutum da ido, hawaye na zuba, ba wanda ya taɓa ta.

"Tsufa ne kawai," in ji Braimah, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Mma ya gaji, ku bar shi ya huta."

"Wane tsufa?" in ji Anti Zuwera. "So take a lallashe ta. Ga ci ga sha ga fanka, me ta rasa? Wannan ai rashin godiya ne."

Wata safiya ta faɗi a ƙofar banɗaki. Ba ta ji ciwo ba, amma ƙanwar Braimah da ke Jamus ta tayar da ƙura a waya, sai an kai ta asibiti an yi mata hoton kai. Braimah yana da alƙawari da mai kiɗa, Anti Zuwera za ta kasuwar Makola sayen tukwane. Sai duk suka juyo suka kalle ni. Na rufe keke na tare mana tasi.

Sai da muka yi zuwa uku kafin a zauna da mu. Likitar yarinya ce ƙarama, da yaren Twi take magana, ni ina mayar wa Mma da Hausa. Ta ɗora baƙin hoton a jikin fitila ta nuna mini da biro.

"Kin ga fararen ɗige-ɗigen nan? Ƙananan jijiyoyin jini ne, hawan jini ya daɗe yana matse su. Ta nan saƙo yake bi daga gaban ƙwaƙwalwa zuwa wurin da mutum ke jin sha'awar abu da daɗinsa. In wajen ya lalace, saƙo ba ya isa da wuri."

Na ce, "Wato kamar lungunanmu in an yi ruwa, mota ba ta shiga?"

Ta yi dariya ta ce na yi kusa. Ta ce hoto ba ya nuna baƙin ciki, amma an lura tsofaffi masu irin ɗigon nan sun fi faɗa wa ciwon damuwa. Ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma ganin dama ba ne, ciwo ne kamar ciwon ƙafa, kuma yana jin magani, sai dai a hankali. Ta rubuta ƙwaya a sha kullum ba fashi, a dawo bayan mako uku. Ta ja kunnena a kan abu ɗaya: kada a bar ta ita kaɗai, a nemi abin da take so a sa ta a ciki.

Sannan ta juya ta kama hannun Mma. "Tambaye ta, akwai abin da har yanzu take marmari?"

Na tambaya. Na ɗauka shiru za ta yi yadda ta saba. Sai ta ɗago.

"In wanke Hidaya."

Rabon da in ji magana cikakkiya daga bakinta an fi wata. Likita ta buga tebur ta ce shi ke nan, rabin maganin ke nan, a bar ta ta yi. Murna ta cika ni, a tasi har da saya mana soyayyar ayaba, ni na cinye.

A gida hoton kan nan ya zama abin kallo. Braimah ya zaro shi daga ambulan ya ɗaga wa rana a tsakar gida.

"Ei, cale! Kan Mma ke nan? Kamar an yanka kabeji!"

Mata suka bar tsintar shinkafa suka taso. Wata ta ce ta ga fuskar mutum a ciki, wata ta ce a'a, kwaɗo ne. Hajiyar da ke haya a ɗakin sama ta ce in aka yi wa mijinta irinsa ba za a samu komai ba sai hoton nama. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, har da riƙe ciki. Mma tana kan bencinta ana miƙa kanta hannu zuwa hannu.

Da aka lafa na faɗi abin da likita ta ce, ɗaya bayan ɗaya. Ina kaiwa kan ƙwaƙwalwa Anti Zuwera ta fizge hoton ta cusa a cikin zane.

"Madina, rufa mini asiri. Ƙwaƙwalwa? Kina so mutanen Kanda su ji an ce akwai ciwon kai a danginmu? Bakin mutane ba ya cewa jijiya, mahaukaciya za su ce."

"Anti, likita ta ce ba hauka ba ne."

"Likita za ta aurar mini da 'ya?"

Hoto ya shiga ƙarƙashin katifa. Ƙwaya ta yi kwana huɗu ana ba ta. A na biyar wata baƙuwa ta ɗauki kwalin tana ƙoƙarin karanta sunan, Anti Zuwera ta karɓe ta jefa a bayan kabad, ta ce ai ga shi an sha kwana huɗu ba a ga canji ba, a bari sai bayan biki. Ranar komawa asibiti ta faɗo daidai ranar da dangin ango za su kawo akwatuna. Braimah ya ce asibiti ba ya gudu, bayan biki. Na nemi awon Mma don in ɗinka mata yayi, aka ce yadi ya ƙare, za a yi mata nata na musamman bayan biki. Komai na Mma sai da ya koma bayan biki, har gaisuwa.

Maganar wanka kuwa, sai da na samu Anti Zuwera ita kaɗai tana lissafa sunayen masu zuwa.

"Anti, Mma fa ta ce ita za ta wanke Hidaya. Likita ta ce shi ne rabin maganinta."

Ta ajiye biro ta kalle ni kamar na zage ta. "Ke ba 'yar Zongo ba ce? Ba ki san amarya halin hannun da ya wanke ta take ɗauka ba? Ita Mman da bakinta take faɗa, duk yarinyar da ta wanke sai ta yi dariya a gidan miji. To yanzu da kuka take kwana da kuka take tashi, in ɗauki 'yata in miƙa mata? Na riga na yi magana da Hajiya Memuna ta Kanda. Da mota take zuwa, har mai ɗaukar bidiyo gare ta."

Gaskiya ni ma da maganar nan na tashi, kuma a ranar ban san yadda zan ce ƙarya ce ba.

Saura mako ɗaya baƙin Kumasi suka fara sauka. Ɗakin Mma shi ne babba, mai taga biyu, sai aka ce ta ɗan matsa musu. Aka kai katifarta ɗakin ajiya na can baya, kusa da banɗaki, inda ake tara gawayi. Braimah da kansa ya ɗauki katifar yana waƙa.

"Nan ya fi shiru paa, Mma. Hayaniya ba zai dame ka ba koraa."

Daga ranar kwanon abincinta yadda ya shiga haka yake fitowa, masu wanke-wanke su cinye naman. Ta bar wanka, ta bar tsefe kai. Mu kuma a tsakar gida abin sai wanda ya gani. An yanka sa, an kafa tukwane a lungu har mai babur ba ya wucewa. 'Yan Kumasi suka kawo wata rawa ta girgiza kafaɗa, muka koya a rana ɗaya. Ina taka keke ina rawa, sau biyu na ɗinke hannun riga a wuya.

Ranar Laraba Hidaya ta shigo gwajin riga, wayarta na ta ƙara. Yarinya ce mai kirki, sai dai amarya ba ta ganin gabanta. Na ce ta je ta duba kakarta. Ta ruga da rigar a jikinta, allurai na soke ta, na bi ta.

"Kaka! Ƙawata! Dubi rigata!" Ta juya a ɗan wurin da ya rage tsakanin katifa da buhun gawayi. "Asabar fa ki shirya, kada ki cuɗe ni da ƙarfi, na san halinki."

Ashe ba wanda ya gaya wa Hidaya an canza mai wanka. Mma ta miƙa hannu ta taɓa bakin rigar, leɓenta ya motsa. Ba dariya ba ce, amma ta kusa. Wayar Hidaya ta sake ƙara, ta fita da gudu. A ranar da yamma uwarta ta gaya mata wai Kaka ta ce jikinta ba zai iya ba, ta bar wa Hajiya Memuna wankan. Hidaya ta ɓata rai na minti biyar, aka kira ta zaɓen takalmi.

Ranar Alhamis Mma ta fito da kanta. Gwaggwannin ango uku suna zaune a tsakar gida da mayafai masu walƙiya, ana ba su lemo, sai ga ta ta dafo bango ta zauna a gefensu, kai ba ɗankwali, hawaye shaɓe-shaɓe. Babbar cikinsu ta ce, "Subhanallahi, lafiya Hajiya?"

Anti Zuwera ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Apolo ne! Ciwon ido, ya kama ta jiya."

Kafin ka ce me, gwaggwanni sun ja kujeru baya, ɗaya ta zaro baƙin tabarau ta saka. Bayan sun tafi gidan ya kusa tsagewa da dariya, ana tafa wa Anti Zuwera, ana cewa kai matar nan da kai take. Daga nan ƙaryar ta zama gaskiya. Duk mai tambayar tsohuwa sai a ce apolo, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya gaishe ta daga nesa.

Ranar Juma'a na kai mata koko na zauna ina ba ta a baki. Ta sha cokali uku. Da zan tashi ta riƙe mini zane.

"Gobe ne?"

"Gobe ne, Mma. Bayan la'asar."

"Ki kira ni."

"Zan kira ki."

Kuma wallahi da gaske nake. Na shirya abina tsaf. In lokaci ya yi zan kamo hannunta in kai ta gaban mata, in ga wadda za ta iya korar Lariba daga wankan jikarta a bainar jama'a.

Asabar da hantsi Anti Zuwera ta ja ni gefe ta danƙa mini makulli. Ta sa kwaɗo a ƙofar ɗakin baya.

"Kada ta sake fitowa gaban baƙi. Ke kike da haƙurinta, ki riƙe. In mutanen Kanda sun tafi ki buɗe."

Na karɓa har da murna a raina, na ce ai ta sauƙaƙa mini aiki. Na ɗaure shi a bakin zanena.

Daga nan rana ta ƙwace mini. Zif ɗin uwar ango ya fashe a cikin mota, aka kawo mini ita a lulluɓe. Mata huɗu suka zo a tare kowace rigarta ta matse, shinkafar kwana uku ta yi aikinta. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, mai kiɗa ya saki sauti har kwanon rufi na rawa. Hajiya Memuna ta iso da motarta da mai bidiyonta da turaren da ya sa yara atishawa. Ina fitowa daga shago da allura a baki sai na ji mai kiɗa ya kira sunana a lasifika, wai ga Madina mai hannun zinariya, wadda ta yi wa Nima sutura. Mata suka ja ni tsakiyar fili. Wa zai ƙi? Na jefar da allura na saki kafaɗa. Aka zagaye ni ana tafi, ana shafa mini hankici, 'yan Kumasi na ihu wai na fi su iyawa. Rabon da in ji daɗi irin na ranar tun nawa auren. An kira la'asar ban ji ba.

Guɗa ce ta dawo da ni. Wata siririyar guɗa, gajera, kamar mai ita tana tsoron kada muryarta ta ƙare. Na tsaya cak a tsakiyar rawa. Guɗar fitowar amarya daga wanka ce. Hannuna ya kai bakin zane, makulli na nan.

Na kutsa cikin mutane, na taka ƙafar wata Hajiya ban tsaya ba da haƙuri ba. Kwaɗon ya ƙi buɗuwa sai da na yi sau uku.

Tana zaune a bakin katifa, ta miƙe baya. Ta yi wanka. Da ruwan bokitin shanta ta yi, ƙasan ɗakin duk ya jiƙe ya haɗu da garin gawayi. Ta saka farar atamfarta ta aiki, ta ɗaura ɗankwali, ta sa kwalli ba madubi, ɗaya idon ya fi ɗaya. A cinyarta ga ƙwarya, a ciki sabon soso da sabulun salo da 'yar kwalbar turare. Ban san inda ta ɓoye su ba duk kwanakin nan, ban san ƙarfin da ta tattara ta yi wannan shiri ba, matar da cokali ke yi wa nauyi.

"Madina, kin zo?" Muryarta ta fito sarai. "Ki ce musu su surka ruwan. Yarinyar nan ba ta son ruwan zafi tun tana jaririya."

Ƙofar tana buɗe a bayana, sai waƙar mata ta shigo, wadda ake yi in an naɗe amarya a zane ana mayar da ita ɗaki. Mma ta karkata kunne. Babu wanda ya fi ta sanin wace waƙa ke zuwa kafin wanka, wace ke zuwa bayansa. Ita ta koya wa rabin masu yin ta.

Ta saurara har baiti ya ƙare. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sauke ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ta kwance ɗankwalin ta ninke shi gida huɗu ta ɗora a kai. Ta kwanta ta juya wa bango fuska.

"Mma, ki yafe mini. Mma."

"Ja ƙofar," in ji ta.

Babu wanda ya doke ta a gidan nan, babu wanda ya zage ta, babu wanda ya hana ta abinci. In ka tambayi Braimah zai ce uwarsa ce, ya fi kowa sonta, kuma ba ƙarya yake ba. In ka tambayi Anti Zuwera za ta ce 'yarta take karewa. Da ƙafar Mma ce ta karye, da an ɗauko ta a kujera an ajiye ta a gaban rumfa, kowa ya zo ya yi sannu, a sa ta a bidiyo. Amma da yake a cikin kai abin yake, inda ba a ɗaura bandeji, sai aka ce ganin dama ne, aka ce abin kunya ne, aka sa masa kwaɗo. An nuna mana ciwon a jikin fitila, an gaya mana maganinsa da baki, an ce abu ɗaya take so a duniya, kuma bokitin ruwa ɗaya ne da rabin awa. Gida mai mutum ɗari ya kasa ba ta. Ina jin haushinsu har yau, amma ba zan ɓoye muku ba, makullin a zanena yake.

Ina durƙushe a wurin sai ga Anti Zuwera ta leƙo, gumi ya wanke mata hoda, fuskarta fal murna. Ta kalli bayan Mma.

"Barci take? Yoo, alhamdu lillahi, ta huta. Taso maza, Madina, ana hoton 'yan yayi, ke kaɗai ake jira."

Na ja ƙofar na bi ta. Hoton yana rataye a falon Braimah yanzu, an yi masa firam mai ruwan zinariya. Ni ce ta uku daga hagu, ina dariya.